Saƙon godiya bayan kare kundi da walimar ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Sai yau na samu natsuwar zama in rubuta wannan godiya, domin tun ranar da na fito daga ɗakin kare kundin digirina na uku jikina bai dawo daidai ba, ga kuma hidimar walimar da aka yi a gidan marigayi mahaifinmu a nan Birnin Kebbi. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen wannan doguwar tafiya. Ba zan maimaita labarin jinyar Baba ba, ko na lalacewar kwamfutar da ta tafi da aikin kusan shekara biyu, domin da ku aka yi jimamin, kuma da addu'arku aka tsallake.

Da yawa daga cikin waɗanda suka zo walima sun tambaye ni abin da na shafe waɗannan shekaru ina nema a jikin taurari, kuma sai na amsa wannan kafin a gane girman alherin da zan ambata. Na yi aiki ne a kan wasu manyan taurari da suka tsufa, waɗanda ake kira Wolf-Rayet da sunan masanan Faransa biyu da suka fara gano su a Paris a 1867. Tauraron da aka halitta da nauyin Ranarmu sau ashirin da biyar ko fiye ba ya daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru kawai yake yi, alhali Rana ta kai shekara biliyan 4.6 kuma da sauranta. Idan ya doshi ƙarshe, tsananin haskensa kan ingiza iskar da ke lulluɓe da shi ta fice da gudun kilomita 1,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa guda, kamar yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi idan ana shiƙar shinkafa, har ya zubar da kwatankwacin nauyin Rana sukutum cikin kimanin shekara 100,000. Ba mu da madubin hangen da zai yi wannan awo a ƙasar nan, saboda haka na yi amfani da bayanan hasken da babban madubin hangen taurari na VLT da ke ƙasar Chile ya ɗauka, waɗanda hukumar binciken taurari ta Turai, wato ESO, ke buɗe wa kowa a rumbunta na intanet. Aikina shi ne in gina siffar tauraron da iskarsa cikin manhajar CMFGEN, in yi ta gyara zafi da gudu da yawan abin da yake zubarwa, har layukan hiliyam da naitirojin (wato alamun da waɗannan sinadarai ke bari a cikin hasken tauraro) da lissafi ya fitar su hau kan waɗanda madubi ya gani. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne iskar ba sumul take ba, gudaji-gudaji ce kamar kunun da bai damu ba. Inda kaurinta ya ninka sau biyu, hasken layukan kan ninka sau huɗu, don haka wanda ya ɗauke ta sumul zai ƙiyasta asarar tauraro fiye da yadda take.

Kowane lissafi guda yakan ci sa'o'i masu yawa a 'yar kwamfutar aron da na koma amfani da ita, wadda batirinta ya riga ya mutu. Saura kwana shida in miƙa kundi, lissafin tauraro na ƙarshe bai daidaita ba, unguwarmu kuma ta kwana uku babu wuta. Manhajar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, amma ɗaukewar wuta a tsakiyar adana bayani ta taɓa lalata mini aikin kwana biyu, kuma ba ni da wasu kwana biyun da zan sake bayarwa. Na ɗauki kwamfutar bayan sallar isha'i na nufi shagon cajin waya da ke bakin layinmu, na tarar mai shagon yana naɗe wayoyi zai kashe janareta. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, har bakina ya kasa haɗa bayani. Ya dubi lambobin da ke gangarowa a fuskar kwamfutar, bai tambaye ni ma'anarsu ba, ya jawo benci ya ɗora ta, ya aiki ƙaninsa da galan ya sayo mai. Sai ya ce da ni, "Malam, ka tahi ka kwanta, injin ga ba shi mutuwa daren ga in sha Allahu." Ban tafi ba. Muka kwana a kan tabarma a ƙofar shagon, yana tashi lokaci-lokaci da tocilan yana duba mai, kuma ana kiran assalatu lissafin ya daidaita. Da na miƙa masa kuɗin mai sai ya mayar mini da hannuna, ya ce in saya wa yara biredi. Ya roƙe ni kada in ambace shi, amma duk mutanen layinmu sun san wanda nake nufi, kuma ina so a sani cewa babi na biyar na kundin nan a ƙofar shagonsa aka gama shi.

Sai Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ta fi kowa bin aikin nan. A ƙarshen 2019 na nuna mata jan tauraron nan Betelgeuse daga tsakar gida, gabas da Kaza da 'Ya'yanta, na gaya mata cewa da za a ajiye shi a gurbin Rana da ya haɗiye duniyarmu. Bayan 'yan makonni ta kira ni waje ta ce, "Mi as samu tauraron ga naka, ko hazo ne?" A watan Fabrairun 2020 haskensa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma daga baya hotunan VLT suka nuna cewa ƙura ce da ta taso daga iskar da shi kansa ya fitar ta tare wani sashe na fuskarsa. Ashe maganar hazon da ta yi ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ita ce ta sayar da tumakinta biyu lokacin da kuɗin makaranta ya gagara. Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki.

Ina godiya ga malamin da ya duba aikina, wanda ya karanta kowane babi sau uku ba tare da ƙosawa ba, da abokan karatu na Nsukka da suka turo mini kwafin bayanan da na rasa. Ina godiya ga Yaya Babba da ya ɗauki nauyin abincin walima, da Gwaggo da ta taso daga Argungu da ciwon ƙafarta, da uwargidana da ta riƙe gida da yara a watannin da nake nan kamar ba na nan. Mutanen Jega da Aliero da Yauri da suka sha hanya, Allah Ya mayar da kowa gida lafiya, Ya ba da ladan zumunci.

Akwai 'yan uwa na jini da muka aika wa goron gayyata har gida, muka ajiye musu tabarma a gaba, ba su zo ba kuma ba su aiko ba. Na san tun farko wasunsu sun ɗauki karatun nan a matsayin duba, alhali ilimin falaki awon haske ne da lissafi, babu ruwansa da sanin gaibu. Abin ya taɓa Inna fiye da yadda ya taɓa ni, amma mun yi musu uzuri, kuma ƙofar gidan Baba a buɗe take.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifinmu da bai ga wannan rana ba, Ka haskaka kabarinsa, Ka sanya Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka saka wa duk wanda ya taimaka da kuɗi ko da addu'a ko da kalma mai daɗi, Ka buɗa wa mai shagon nan kasuwarsa, Ka raya masa zuriyarsa, Ka haskaka masa kabari kamar yadda ya kwana yana haska mini injinsa. Ka ba jiharmu da maƙwabtanmu na Zamfara zaman lafiya, Ka sanya albarka a cikin wannan ilimi. Amin summa amin.