Asabar, a kwarin Madera

Mun fita bayan sallar asuba, ni da Auta da tsohon maƙwabcinmu. Daga birnin Tusan, a jihar Arizona ta Amurka, zuwa duwatsun Santa Rita tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Daren jiya an yi ruwa, irin na Agustan Arizona mai zuwa da tsawa ya wuce, ƙasa na ta ƙamshi. Auta sai waƙa take a baya.

Tun bara Tsoho yake mini alkawarin zai nuna mana macijin da suke kira sarkin macizan dutse. Ya ce nemansa sai haƙuri. Ba ya son filin sahara mai zafi, can sama yake zama inda akwai itatuwa da inuwa da tarin duwatsu kusa da rafi, kuma yawancin rayuwarsa a cikin tsagar dutse take. Ya hana mu zura hannu inda ido bai gani ba, don a wurin akwai masu kacau-kacau a wutsiya, su kam dafinsu ba wasa. Duk dutsen da ya ɗaga kuwa sai ya mayar da shi yadda ya same shi.

Awa uku, sai ƙadangaru da tsuntsaye.

Wajen ƙarfe goma Auta ta ja rigata. Ga shi nan a gefen rafi, yana fitowa daga ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Ja, baƙi, fari, baƙi, ja, kamar an jera tsakiya a zare, fatarsa na sheƙi. Kaurinsa bai fi babban yatsana ba, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Tsoho ya durƙusa yana raɗa: ku dubi hancinsa, fari ne. Ku dubi jan, baƙi ne ya tare shi ta kowane gefe. Macijin murjani mai dafi, wanda ake ruɗa su, kansa baƙi ne tun daga hanci, jansa kuma yana haɗe da fari ko rawaya, ga shi ƙarami, ya fi fita da dare. Ya ce wannan lissafin launi a nan ƙasar yake aiki, kada mu ɗauke shi zuwa Kudancin Amurka. Wannan da muke kallo ba shi da dafi ko kaɗan, ƙadangaru da ɓeraye yake naɗewa ya haɗiye. Sunansa na kimiyya Lampropeltis pyromelana.

Sai na ji Auta ta ce, "Baba, me za ka yi da dutsen?"

Na dubi hannuna. Dutse ne cike da tafina. Wallahi ban san lokacin da na sunkuya na ɗauka ba. Kunnena yana jin Tsoho yana cewa ba dafi, na kuma yarda da shi, amma hannun bai jira ni ba. Na ajiye a hankali, na ce ba komai. Ta daɗe tana kallona kafin ta koma kan macijin, shi kuwa ya sulale cikin tsaga abinsa.

Wannan kallon ne ya hana ni sakat har yanzu. Ita abin sha'awa ta gani. Ni gonar gyaɗarmu na gani, ranar da kububuwa ta sari Yaya a ƙafa lokacin girbi, jini yana fita ta dasashinsa, aka ɗauke shi cikin dare zuwa asibitin Kaltungo. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. A gidanmu ba a tsayawa duba launin hancin maciji, kuma ba zan ce iyayenmu sun yi kuskure ba, don wanda ya tsaya dubawa yana iya rasa ransa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma yau ba tsumma ba ne, rai ne da bai yi mini komai ba, a gidansa, ni na je na same shi. Da na jefa fa? A gaban yarinyar?

Da rana na kira Inna, can ƙarfe tara na dare. Na ba ta labari. Ba ta ambaci sunansa ba, kamar kullum in dare ya yi. Ta ce, "Igiyar ƙasa kuka tafi nema da ƙafarku? Da jikata?" Na ce wannan ba ya cutarwa, Inna. Ta yi shiru, ta ce, "Allah ya tsare. Ka dai riƙe mata hannu." Maganar dutsen ban iya faɗa mata ba.

Tuwon shinkafa da miyar taushe. Ban ci da yawa ba.

Hoto ɗaya ne ya fito sosai. Auta ta kwanta a ƙasa da wayata tana ƙirga fararen zobban jikinsa, ta kai talatin da bakwai, wutsiyar ta shige dutse. Ta ce sai mun koma ta ƙarasa. Na ce mata Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu.