Taswirar da aka zana a ƙasa

Makon jiya na je ƙauyenmu a ƙasar Ringim don gyaran zauren Baba, Allah ya jiƙansa. Na tafi da takardar zane da abokina ya yi min a kwamfuta, an auna komai har santimita.

Tsohon maginin ya duba ya miƙo min. Ya ce, "Ɗana, ƙasa ba ta bin takarda." Ya ja layi da ƙafarsa a rairayi, ya auna da taku. Faɗin ɗaki kuwa, ya ce tsawon azarar giginya ne zai yanke shi.

Da farko abin bai kwanta min ba. Amma da Inna ta ce ƙofar ta yi kusa da turken awaki, nan take ya share layin ya sake wani. Ba a yi asarar ko sisi ba.

Tubalinsa mulmulen hannu ne, kowanne da kamarsa. Bangon bai miƙe sak ba, kuma sawun yatsunsa na nan a jikin yaɓen. Wallahi na daɗe ina shafa wurin. Da azahar, lokacin da ɗakina mai kwano ba ya shiguwa don zafi, a zauren nan muka yi barci.

Saura a shafe shi da makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa, kafin damina.