Godiya ga Duk Waɗanda Suka Tsaya Mana Bayan Hatsarin Ƙaninmu

Assalamu alaikum. A madadin iyayen ƙaninmu da ya tsira daga hatsarin ƙaramin jirgin koyon tuƙi, da mu yayyensa 'yan Arewa masu aikin jirgin sama a nan Legas, muna miƙa godiya. Alhamdu lillahi, an sallame shi. Karaya ce a wuyan hannu, sai ɗinki biyar a goshi.

Allah ya saka wa 'yan kwana-kwana da alheri, da injiniyan da ya riga kowa isa, ya rufe mai, ya kashe batir, ya kori jama'a daga gaban farfela. Da yawa ba su san cewa farfelar irin wannan jirgi tana iya tashi idan aka juya ta da hannu ba, muddin makunnin bai mutu ba. Mun gode wa likitocin da suka hana a ɗaga shi sai da aka tallafe wuyansa, da limamanmu na Agege da Idi-Araba da suka sa shi a addu'a, da iyayenmu mata da suka riƙa ratsa cunkoso da kwanukan abinci. Waɗanda suka riƙe bidiyon hatsarin ba su yaɗa ba har aka sanar da mahaifiyarsa, kun yi halin girma.

An yi ta tambaya ko injin ne ya mutu. A'a, iskar gefe ce. Bincike na hukuma ne, amma ga yadda irin wannan ke faruwa.

Jirgi ya fi son sauka yana fuskantar iska. Idan ta zo masa ta gefe, sai ta riƙa ture shi daga tsakiyar titin sauka. Cessna 172 da ake yawan koyo da shi, iyakar iskar gefen da aka gwada shi da ita not 15 ce a ma'aunin gudu na jirage, wato kusan kilomita 28 a awa, kuma ƙwararre ne ya gwada, ba ɗalibi ba. Lissafin a ka ake yi: iskar da ta karkace digiri 30 daga titi, rabin ƙarfinta na gefe ne, idan ta kai digiri 60, ka ɗauka dukanta ce. Ga titunan filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja, kudu da arewa suka miƙe, alhali iskar gaban hadari a farkon damina yawanci daga gabas take faɗowa, ba sallama.

Matuƙi kan gangaro da hancin jirgi a karkace wajen iska. Dab da ƙasa sai ya taka fedar da ke juya hancin jirgi ya miƙar da shi daidai da titi, ya murɗa sitiyari ya kwantar da fiffiken ɓangaren iska, tayar wannan ɓangaren ta fara taɓawa, sannan ɗayar, sannan ta gaba. Idan iskar na zuwa tana ɗaukewa, ana ƙara rabin bambancin da ke tsakanin ƙarfinta da lafawarta a kan gudun sauka.

Inda ake yawan faɗawa shi ne bayan tayoyi sun taɓa. Ɗalibi ya ji ya iso, ya saki sitiyari ya koma tsakiya. Nan take iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ta bugi jela, hanci ya juya wajenta. Ya taka birki a firgice, jirgi ya bar kwalta, tayar gaba ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, farfela ta sari ƙasa. Daƙiƙa uku ko huɗu ke nan. Alhali gudu na raguwa, sitiyari ƙara murɗa shi ake yi wajen iska har ƙarshensa.

Ƙannenmu masu koyo, idan ka taka feda har ƙasa hanci bai miƙe ba, ba wa injin wuta duka ka tashi, ka sake zagayowa ko ka nemi wani filin. Mai ne kawai zai ƙone.

Masu son dubiya, a bari sai bayan La'asar, a kuma taƙaita zama, likita ya ce ya samu barci. Allah ya bar zumunci.