Layin da na ƙi sa wa hannu

Ƙarshen watan nan zan miƙa mabuɗan sito da hatimina in bar kamfanin. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ba albashi ne ya kore ni ba. Layi ɗaya ne a takardar talla ya raba ni da wurin, kuma tunda maganar ta yaɗu a bakin 'yan talla da masu kemis, kowa da irin yadda yake ba da ita, gara a ji tawa daga bakina.

Da aka shigo da sabon haɗin bitamin ɗin nan na maza, Manaja ya turo mini rubutun da za a buga a raba wa shaguna. A tsakiyarsa an ce folik asid da ke ciki yana kare namiji daga kansar furostet, wato kansar ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Nawa shi ne in duba in sa hannu, tunda ni ne mai harhaɗa magunguna na kamfani. Na ɗauki kwalin na karanta: miligiram 1 a kowace ƙwaya, a sha kullum. Sai gabana ya faɗi, domin na san inda na taɓa ganin wannan adadin.

A Amurka da Kanada an yi wani gwaji daga 1994 zuwa 2006 a kan mutanen da aka taɓa cire wa tsiro a babban hanji. An raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan folik asid miligiram 1 kullum, wasu suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Fatan masu binciken shi ne maganin ya hana tsiron dawowa. Bai hana ba. Daga baya Jane Figueiredo da abokan aikinta suka waiwayi mazan da ke cikin gwajin, su 643, suka fitar da sakamako a 2009. Yiwuwar a gano kansar furostet cikin shekara 10 ta kai kashi 9.7 cikin 100 ga masu shan folik asid, ga waɗanda ba sa sha kuwa kashi 3.3. Kusan ninki uku ke nan, kuma da ainihin adadin da ke cikin ƙwayarmu.

Na rubuta wannan a shafi ɗaya na kai masa ofis. Bai karanta ba. Ya ce mu haɗu a taron Litinin.

A taron, gaban 'yan talla da akawu da direbobi, ya ɗaga takardata ya ce, "Kai yaro, bitamin ne fa. Tun kafin a haife ka muke sayar da shi. Wa ka taɓa ji bitamin ya kashe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce yana kisa ba. Na ce ba mu da hujjar cewa yana karewa, kuma gwajin da ya fi kusa da abin da muke sayarwa ya nuna akasin haka." Ya ce karatu ne ya yi mini yawa, kuma kamfani ba jami'a ba ne. Aka yi dariya. Ban ga laifin masu dariyar ba, kowa da iyalin da yake ciyarwa.

Abin da bai bari na ƙarasa ba a ranar shi ne rabin maganar, kuma rabin nan ne ya fi muhimmanci a gare ni. Gwajin Amurkan ba hukunci ba ne na ƙarshe. Ba don furostet aka tsara shi ba, kuma mazan da suka kamu gaba ɗaya 34 ne, adadin da sa'a ko rashin sa'a za ta iya karkatar da shi. A 2013 Stein Emil Vollset da wasu suka tattara gwaje-gwaje 13 masu mutum kusan 50,000, waɗanda aka bi na tsawon shekara biyar a matsakaici, ba su ga tabbatacciyar ƙaruwar kansa ba, har da ta furostet. Sai dai shekara biyar kaɗan ce ga cutar da kan yi shekaru tana rarrafe kafin ta bayyana. A 2016 kuma aka haɗa bincike shida da suka auna folet, wato bitamin ɗin da folik asid yake kwaikwayonsa, a jinin maza tun kafin su kamu, aka ga waɗanda nasu ya fi yawa haɗarinsu ya ɗara na masu ƙaranci da kusan kashi 13 cikin 100. Ƙaruwa ce ƙarama, kuma irin wannan bincike ba ya iya cewa wannan ne ya jawo wancan. To ina kariyar da za mu buga a takarda? Babu ita a ko'ina cikin waɗannan. Iyakar abin da mutum zai faɗa da gaskiya shi ne akwai alamar tambaya a kan ƙwayar, ba a kuma warware ta ba.

Dalilin alamar tambayar ba sabo ba ne ga duk wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Jiki yana buƙatar folet don ƙera DNA, wato sinadarin gadon halitta, duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu. Idan ya yi ƙaranci, ƙirar takan zo da kurakurai, wanda hakan ka iya buɗe wa kansa ƙofa. Amma idan kansar ta riga ta tsiro tana ɓoye, ita ma folet ɗin take nema don ta yaɗu. Kamar taki ne, bai san dawa ba bai san ƙuduji ba. Sidney Farber ya ga haka a Boston a 1947, lokacin da ya ba yara masu kansar jini sinadarai dangin folik asid ya lura cutar ta ƙara gudu. Daga nan ya juya ga maganin da ke toshe folet, kuma ta wannan hanyar maganin kansa mai suna methotrexate ya fito, wanda har yau yana kan kantocinmu. Idan aka tuna cewa dattawa da yawa suna ɗauke da ƙaramar kansar furostet ba tare da sun sani ba, za a gane abin da ya sa ban ga dacewar mu nufi maza masu shekara hamsin da wannan tallan ba. Kansar nan ita ce ta fi kowace kama maza a Najeriya, kuma akasari ba a zuwa asibiti sai ta yi nisa. Mutumin da fitsari ya fara yi masa gardama, aka ce masa ga ƙwayar da ke karewa, kemis zai nufa, ba wajen likita ba.

Na ƙi sa hannu. Aka cire ni daga duba takardun talla, aka mayar da ni ƙirga kwalaye. Wannan na iya haƙura da shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ya juya maganata. Ya riƙa gaya wa masu kemis cewa yaronsa ya ce folik asid yana sa kansa. Ba a jima ba wata ma'aikaciyar awo ta kira ni, ta ce akwai matan da suka fara ajiye 'yar ƙwayarsu saboda abin da aka ce na faɗa. Har yau idan na tuna jikina yana sanyi. Gwajin da aka yi ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, wanda ya fito a 1991, ya nuna folik asid ya rage maimaituwar nakasar laka da ƙwaƙwalwar jarirai da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa samun ciki mai irin wannan matsala. Saboda irin wannan hujjar ce Amurka ta wajabta zuba shi a garin fulawa tun 1998, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mai ciki ta sha maikurogiram 400, wato ƙasa da rabin miligiram 1, kullum tare da sinadarin ƙarfe. Masu sikila ma likitocinsu suna rubuta musu shi da dalili, domin jikinsu kullum cikin ƙera sabon jini yake. Babu ɗaya daga cikinsu da maganata ta shafa. Na bi shagunan da na iya bi da ƙafata ina gyarawa, amma na san ban kai ko'ina ba.

Ga masu harhaɗa magunguna irina, sauran darussan da na koya gajeru ne. Duk abin da ka ƙi amincewa da shi, ka rubuta da kwanan wata ka ajiye kwafi a gida. Kada ka yarda a yi muhawarar kimiyya a taron Litinin. Ka karanta takardar binciken da kanta, ba abin da wakilin kamfani ya tsamo maka ba. Bitamin E ma an sa rai zai kare furostet, sai babban gwaji ya nuna a 2011 cewa ya ƙara haɗarin da kashi 17 cikin 100. Idan dattijo ya tambaye ka, ka ce masa ya ci zogale da alayyafo da wake da gyaɗa, domin a gwajin Amurkan ma folet na abinci bai nuna haɗarin da ƙwayar ta nuna ba. Ka gaya masa miligiram 1 shi ne iyakar da aka gindaya wa baligi a rana idan ba likita ne ya rubuta ba, alhali 'yar rawayar ƙwayar folik asid da ake sayarwa a matsayin maganin ƙarin jini miligiram 5 ce. Idan fitsarinsa ya canza, ka tura shi asibiti.

An buga takardar, da hannun wani. Ba zan kira sunansa ba, yaro ne mai neman abinci kuma an matsa masa. Shi kuwa Manaja, dattawan ofis suna ta ce mini in yafe kafin in tafi. Dariyar da ya sa aka yi mini na yafe, sauya mini aiki ma na yafe. Ƙaryar da ya ɗora mini har ta kai ga mata masu ciki, wannan ban iya ba tukuna, kuma na gaya masa haka a ofishinsa ranar da na kai takardar ajiye aiki.