Zaɓen Littattafan Koyar da Addinin Katolika a Makarantun Sakandare

Duk wanda aka ɗora wa nauyin zaɓen littafin addini domin ɗaliban sakandare a makarantar Katolika, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne bayan shafin take, inda ake buga izinin bishop. Dokar Ikilisiya ta shekarar 1983, a sashe na 827, ta hana a koyar da Littafi Mai Tsarki ko tauhidi ko tarihin Ikilisiya a makaranta da littafin da hukumar coci ba ta amince da shi ba. Sai dai wannan izini yana tabbatar da abu ɗaya ne kawai, wato babu kuskure a koyarwar bangaskiya da ɗabi'a. Bai ce littafin zai riƙe hankalin yaro ɗan shekara goma sha shida ba.

A nan ne, a ganina, aikin malami yake farawa. Katekizim ɗin Cocin Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwar cocin, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1992, ya kasu kashi huɗu: bangaskiya, sakramenti, rayuwar ɗabi'a bisa Dokoki Goma, da kuma addu'a. Idan aka auna littattafan makaranta da wannan ma'auni, sau da yawa za a tarar sun yi nauyi a ɓangaren ɗabi'a, suna ta jero abin da aka halatta da abin da aka haramta, alhali addu'a an bar mata 'yan shafuka a ƙarshe waɗanda zango kan ƙare ba a kai gare su ba. Matashin da aka koya wa dokoki ba a nuna masa tushensu ba, yakan ajiye su da zarar ya fita daga ɗakin jarrabawa.

Bishop-bishop na Amurka sun amince da wani tsarin karatun sakandare a 2007 wanda ya fara da wahayin Yesu Kristi cikin Littafi Mai Tsarki kafin komai, kuma ina ganin sun yi daidai. Littafin kirki yana mayar da ɗalibi ga nassin Littafi Mai Tsarki shi kansa, har da littattafai bakwai irin su Tobit, Sirak da Makabiyawa waɗanda suka cika adadin 73 a Littafi Mai Tsarki na Katolika.

Akwai kuma YOUCAT na 2011, wato katekizim na matasa mai tsarin tambaya da amsa, wanda yake da amfani a hannun ɗalibi, ko da yake ba zai iya ɗaukar nauyin karatun shekara guda shi kaɗai ba. Kafin a yi odar kowane littafi, ya dace malamai su buɗe babin da ya taɓa kimiyya da halitta, ko dalilin wahalar bayin Allah, su ga ko marubucin ya tunkari tambayar ko ya kauce mata, domin waɗannan su ne ɗalibai za su fara ɗaga hannu a kansu.