Abin da ruwan tsauni ke koya wa mai jirgin roba

Wanda ya tashi a Zariya, ruwan da ya sani shi ne Kubanni da Galma da dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello. Yawancin shekara ruwa ne mai tafiyar hawainiya, sai Agusta ya zo ya cika ya yi ja. Kogin da ke gangarowa daga tsauni halinsa dabam. A cikin kilomita ɗaya yakan yi ƙasa da mita 10 ko 20, yana dukan duwatsu yana haɗiye iska har ya koma fari fat. Wannan farin kumfa shi ne abu na farko da ke yaudarar gwanin iyo, domin ruwa ne gauraye da iska, ba ya ɗaukar nauyin mutum kamar ruwan dam. Mu kan ce iya ruwa fid da kai, to a cikin kumfa hannu ba ya samun abin turawa, rigar ceto ce ke fid da kai.

Sai nauyi. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20. Ƙaramin kogin tsauni yana iya wuce da irin wannan akwati 30 a kowace daƙiƙa. Kuma idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninki huɗu yake yi. Duk abin da za a faɗa a ƙasa daga wannan lissafi ya fito.

Masu wasan tuƙa jirgin roba a irin wannan kogi sun kasa wahalar kogi mataki 6, tsarin da ya samo asali daga Amurka. Mataki na 1 da na 2 ƙananan igiyoyi ne da hanya a buɗe, ana iya zuwa da iyali. Na 3 yana da igiyoyin da ke watso ruwa cikin jirgi, yana kuma buƙatar kowa ya yi tuƙi bisa umarni; nan ya kamata sabon shiga mai lafiya ya tsaya. Na 4 sai an sauka an leƙa hanya daga gaɓa kafin a shiga. Na 5 na ƙwararru ne, kuskure ɗaya yana iya cin rai. Na 6 ba a kai baƙi cikinsa. A kogin Zambezi, ƙasa da magangarar Biktoriya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, an bi ƙananan magangarun kogin an sa musu lamba, kuma magangara ta 9 sauka ake yi a zagaye ta da ƙafa, komai kuɗin da baƙo ya biya.

Sai dai lambar da ke cikin takardar talla ta wata rana ce da aka auna. Kogin da yake mataki na 3 da rani yana iya zama na 5 bayan ruwan dare ɗaya a kan tsauni, ko da inda kake ko yayyafi ba a yi ba. Wani wurin kuma akasin haka: ruwa ya cika ya binne duwatsun, wahalar ta ragu. A Zambezi lokacin da ruwa ya ja baya, daga wajen Agusta zuwa Disamba, shi ne lokacin manyan magangaru, sannan a kan dakatar da tafiya idan ya yi cikar da ta wuce kima. A Jinja ta Yuganda, dam ɗin Bujagali da aka kammala a 2012 ya shanye magangarun da aka fi sani a Nilu, dole aka koma ƙasa da shi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa jagora ita ce, "Malam, yau ruwan yana ina?" Jagoran kirki yana da dutse ko ƙafar gada da yake dubawa kowace safiya. Ruwa ya sauya launi zuwa ja, ya fara kawo ƙirare da ganye, to yana hawa, a fita.

Jirgin kansa roba ce mai kauri, tsawon mita 4 zuwa 5, yana ɗaukar mutum 6 zuwa 8 da jagora a baya. An raba cikinsa ɗaki-ɗaki, don idan ɗaya ya fashe sauran su riƙe. Iskarsa kaɗan ce, awo 2 zuwa 3, alhali mai faci yana sa wa tayar mota sama da 30. A nan ake yawan yin kuskure biyu. A hura shi tam da safe a bar shi a rana, iska ta kumbura ta ɓarke ɗinki. Ko a hura shi a zafi a jefa cikin ruwan sanyi, ya saki jiki, ya riƙa lanƙwashewa a tsakiya yana zubar da mutane. Bayan minti 10 a cikin ruwa ake sake danna shi da gwiwa a ƙara iska.

Rigar ceto ana gwada ta ne da hannu. Jagora ya kama ta a kafaɗu ya ɗaga sama; in ta haura har kunnuwa, a ruwa ma haka za ta yi, ta bar kai a ƙasa. Ana fara ɗaure maɗaurin ƙugu, sannan na gefe, na kafaɗa a ƙarshe. Hular kwano ta rufe goshi. Babbar riga, zani, doguwar jallabiya da silifa duk a bar su a mota, domin yadi mai yalwa yana shan ruwa yana kuma kama reshe. Mace ta sa wando da riga mai dogon hannu, da gajeren hijabi da za a cusa ƙarƙashin rigar ceto. Filafili kuma yana da mariƙi a samansa mai kama da guduma, kuma tafin hannu ba ya barinsa ko da daƙiƙa ɗaya. Haƙoran da ake rasawa a wannan wasa, da yawa ba dutse ne ya cire su ba, mariƙin maƙwabci ne da ya sake.

Karatun ruwa shi ne ainihin sana'ar. Inda ruwa ya yi santsi ya tsuke kamar harshe yana nuna ƙasa, nan ne hanya mai zurfi. Inda ya rabu biyu tsinin yana kallon sama, dutse ne a ɓoye. Bayan kowane babban dutse akwai wurin da ruwa ke juyowa baya a hankali; nan ake hutawa, nan ake jiran wanda ya faɗa. Abu biyu ne jagora ke tsoro fiye da igiya komai girmanta. Na farko rami: ruwa ya zubo ta kan dutse mai faɗi, na sama ya riƙa komowa baya, ya kama abu yana juya shi kamar tuwo a tukunya. Wanda ya faɗa ciki ya dunƙule jiki ya bari ruwan ƙasa ya fitar da shi, ko ya yi iyo zuwa gefen ramin. Na biyu itacen da ya faɗi ya gitta kogi: ruwa yana wucewa ta cikin rassan, mutum ba ya wucewa. A kauce masa tun daga nesa, in kuma ya zama dole, a juya kai gaba a yi iyo da ƙarfi a haye samansa. Ramin nan da aka ambata da farko, a sani, shi ne ke samuwa a ƙasan duk wani ƙaramin shingen siminti da aka gitta wa rafi, kuma ya fi na dutse muni don ba shi da gefen fita. Yaran da ke wanka a irin waɗannan wurare da damina suna wasa ne da mataki na 5 ba su sani ba.

Darasin da ya fi wuyar shiga kai shi ne hana mutum miƙewa tsaye. Kowa ya faɗa ruwa, ƙafarsa ƙasa take nema. A ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ƙafa na shiga tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura jiki gaba ya danne fuska a ciki, kuma ƙato uku ba sa iya ɗago shi. Ana kwanciya ne rigingine, ƙafafu suna gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu a sama, a tokari dutse da tafin ƙafa. Numfashi a ja shi a ƙasan igiya, a rufe baki a samanta. Ba a tashi sai ɗuwawu ya taɓa ƙasa a ruwa mara gudu.

Igiyar ceto tana cikin 'yar jaka, mita 15 zuwa 25, irin wadda ke yawo a kan ruwa. Mai jifa ya kira sunan mutum, su haɗa ido, sannan ya jefa ta haye shi. Wanda ke ruwa ya kama igiyar, ba jakar ba, ya ɗora ta a kafaɗa yana rigingine. Ba a naɗa ta a hannu, ba a ɗaura ta a ƙugu, shi ya sa kowane jagora ke da wuƙa a ƙirji. Wajen ɗago mutum cikin jirgi, kafaɗun rigarsa ake kamawa a faɗi da baya; jan hannu gurɗe kafaɗa yake yi. Idan jirgi ya bugi dutse ta gefe, kowa ya yi tsalle zuwa ɓangaren dutsen. Zuciya tana cewa a guje shi, amma in nauyi ya koma ɗaya gefen, ruwa ya hau kansa, jirgin ya naɗe jikin dutsen. Kuma mai nuni daga gaɓa hanyar tsira kawai yake nunawa da hannu, ba ya taɓa nuna haɗarin.

A ganina, matakin tafiya ba gwanin cikin ayari ake dubawa wajen zaɓensa ba, mafi rauni ake dubawa: dattijon da ke da hawan jini, ko wanda ya ce ya iya ruwa don kunya. Irin wannan tambaya a keɓe ake yin ta, ba a gaban abokai ba. A Nepal ko tsaunukan Turai ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, rigar roba mai riƙe ɗumi wajibi ce. A namu kogunan, irin na gangaren Filato da Mambila, matsalar wata ce: ƙaramin baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi a ruwa mai gudu da kumfa yake hayayyafa, da rana kuma yake cizo, yawanci a ƙafa. Dogon wando da safa da maganin shafawa su shiga jaka tare da usur da famfon iska.