Ga Matasanmu Masu Sha'awar Hasumiya: Daren Da Kunnena Ya Ji Abin Da Ba A Faɗa Ba

'Ya'yana da ƙannena na Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, waɗanda kuke shirin jarrabawar shiga makarantar EAMAC ta Yamai, inda ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, take horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, ina so in ba ku labarin wani kuskure nawa, domin za a koya muku dokoki da lissafi yadda ya kamata, amma ba kowane malami ne zai buɗe muku cikinsa ya nuna muku inda shi kansa ya zame ba. Na yi shekaru masu yawa a hasumiyar wani filin jirgi a arewacin Kamaru kafin in yi ritaya, kuma cikin dukan darurrukan da na kwana a kan kujerar nan, ɗaya ne har yau yake hana ni barci.

Lokacin dawowar alhazai ne, kuma a shekarar ya faɗo cikin hunturu, hazo ya rufe gari har fitilun titin jirgi sun zama kamar aci-balbal a nesa. A wancan zamani ba mu da rada, wato na'urar da ke nuna jirage a allo, a wurin. Abin da muke da shi rediyo ne, da wayar tarho, da agogo, da 'yan siraran takardu da muke jerawa a gabanmu, kowace takarda jirgi ɗaya, a kanta muke rubuta lokaci da tsayin da muka ba shi. Hoton sararin sama gaba ɗaya a cikin kan mutum yake, kuma da maganar matuƙa ake gina shi. Idan magana ta karkace, hoton ya karkace ke nan, babu wani allo da zai ƙaryata ka.

Wajen ƙarfe biyu na dare, babban jirgi ɗauke da alhazai daga Jidda ya kira ni da Turancin Ingilishi yana neman fara sauka. A daidai lokacin wani ƙaramin jirgin kaya ya tashi daga wurinmu zuwa arewa maso gabas, kusan a kan hanya ɗaya da mai zuwa, shi kuma da Faransanci muke magana. Na tsayar da ƙaramin a mataki na ɗaya sifili sifili, wato ƙafa 10,000, na ba babban izinin sauka zuwa ɗaya ɗaya sifili, ƙafa 11,000, domin su gifta juna da tazarar ƙafa 1,000 da doka ta tanada. Tsarin ba shi da aibu. Amma ina sakin maɓallin rediyo tarho ya yi ƙara, cibiyar maƙwabtanmu tana son ba ni bayanin wani jirgi, sai na ɗauka na maƙala a kafaɗa. Ina cikin rubutu matuƙin babban jirgin ya maimaita umarnin, na ji muryarsa da rabin kunne, na amsa masa da kalma guda cewa daidai ne.

Bayan 'yan mintuna matuƙin ƙaramin jirgin, wani dattijo da ya daɗe yana bin wannan hanya kuma yana jin Ingilishi, ya nemi in tabbatar masa da tsayin da na ba jirgin da ke tahowa. Na amsa masa cikin gadara cewa ɗaya ɗaya sifili ne, har ina jin haushin ya tsoma baki a aikina. Ya ce shi ba haka ya ji an maimaita ba. Na kira babban jirgin na tambayi tsayinsa, ya ce yana wuce ƙafa 10,400 zuwa 10,000 kamar yadda aka ba shi izini. Na umarce shi ya hau nan take, na juya zuwa Faransanci na umarci ɗayan ya karkata dama. Daga nan sai shiru, wanda ban san ko daƙiƙa nawa ya ɗauka ba, ina riƙe da bakin teburi ina salati. Sai dattijon ya ce, cikin murya a kwance, fitilun jirgin sun wuce ta samansa a hagu, kusa ƙwarai.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin shi da sanina na yi shi. Da safe shugabanmu ya kira ni ofis, ya ce: "Malam, me ya faru jiya?" Na ce: "Shef, wallahi ɗaya ɗaya sifili ya maimaita, laifin matuƙi ne." Na yi rantsuwa a kan abin da ban saurara ba, na ɗora wa bawan Allah laifi baki ɗaya don in tsira da mutuncina. Shef bai yi musu da ni ba, ya sa aka kunna kaset. Na ji kaina ina cewa ɗaya ɗaya sifili da sauri, lambobin suna hawa kan juna. Na ji matuƙin yana cewa ɗaya sifili sifili, a fili, babu ko ƙarar iska. Sannan na ji muryata tana tabbatar masa.

Abin da nake so ku fahimta shi ne, ban yi ƙarya game da abin da na ji ba. Ɗaya ɗaya sifili ɗin na ji, domin shi nake jira, shi na riga na rubuta a takarda, kuma sau dubbai matuƙa suna maimaita mini daidai har kunnena ya daina bincike. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Maimaitawar matuƙi ba gaisuwa ba ce da ake amsawa da lafiya lau. Ita ce dama ta ƙarshe ta kama kuskure kafin ya zama ƙarfe biyu a wuri ɗaya, kuma waɗannan matakai biyu, 100 da 110, an daɗe da sanin cewa suna cikin waɗanda aka fi rikitawa a duniya.

Kada ku ɗauka wannan ciwo ne na ƙasashe marasa kayan aiki. A ranar 31 ga Janairun 2001, a sararin Japan da ke cike da rada, wani mai koyon aiki ya so ya rage tsayin jirgi mai lamba 958 na kamfanin Japan Airlines, sai bakinsa ya furta 907, mai kula da shi ma ba ta kama kuskuren a kan lokaci ba. Jiragen biyu, ɗauke da mutum sama da 670, sun sha da ƙyar, kuma kimanin mutum 100 sun ji rauni saboda zurmawar da ɗaya ya yi. A kusa da Delhi ta Indiya, ranar 12 ga Nuwamban 1996, ba a sha ba: jirgin Kazakistan da aka tsayar a ƙafa 15,000 ya gangaro zuwa 14,000 inda jirgin Saudiyya yake, mutum 349 suka rasu. Kafin su, a tsibirin Tenerif a 1977, manyan jiragen Boeing 747 guda biyu sun yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka halaka, bayan wata magana mai harshen damo game da tashi da kuma kira biyu da suka shiga rediyo lokaci guda suka toshe juna. Tun daga nan aka keɓe kalmar tashi, ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashin ko soke shi.

Mu kuma muna da namu ƙarin nauyi, wato harsuna biyu a mita ɗaya. Matuƙin da ya zo daga Jidda ko Addis Ababa ba ya fahimtar abin da kake gaya wa wani da Faransanci, don haka ba zai iya kama maka kuskurenka ba. A daren nan da dattijon bai iya Ingilishi ba, da babu wanda zai tsaya tsakanina da musiba. Shi ya sa nake roƙonku kada ku tsaya a mataki na huɗu na Ingilishi da ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci, kuma duk lokacin da jirage biyu za su gifta juna, ku sanar da kowanne labarin ɗan'uwansa da harshen da yake ji.

Na san yanzu akwai na'urar TCAS a cikin manyan jirage, wadda take gargaɗin karo ta kuma gaya wa matuƙi ya hau ko ya sauka. Alheri ce, amma ba ta ɗauke muku komai ba. A kudancin Jamus, ranar 1 ga Yulin 2002, na'urar ta ce wa jirgin Rasha ya hau, mai kula da zirga-zirga da aka bari shi kaɗai a kan aiki ya ce ya sauka, matuƙan suka bi muryar mutum, suka yi karo da jirgin DHL, mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Saboda haka idan matuƙi ya sanar da ku yana bin umarnin na'urar, ku kame bakinku daga ba shi wani tsayi har sai ya ce ya fita daga haɗari.

Bayan an dakatar da ni na ɗan lokaci an sake gwada ni, na ɗaura wa kaina wata al'ada da na koya wa duk wanda ya zauna a ƙarƙashina. Idan na ba da tsayi, tarho ya yi ta ƙara har sai matuƙi ya gama maimaitawa, bakin alƙalamina yana kan lambar, ina bin ta ɗaya bayan ɗaya, sai ta dace sannan in ja layi. Lambobi kuma ina furta su rarrabe, ko da jirage biyar suna jira. Idan matuƙi ya tambaye ni abu, ko da na tabbata, sai na sake bincikawa. Na kuma nemi a isar da neman gafarata ga matuƙin da na yi wa ƙazafi, ban taɓa samun amsa ba.

Kwana biyu bayan wannan dare, na shiga yi wa wani maƙwabcinmu barka da dawowa daga ƙasa mai tsarki. Zauren cike yake da jama'a, jikokinsa suna ta yawo da sababbin huluna. Ya kama hannuna ya ce: "Ɗana, ku ne kuka sauko da mu lafiya, Allah ya yi maka albarka." Ya zuba mini zamzam a ƙaramin kofi, ya cika mini tafi da dabino. A jirgin nan ya dawo, shi da uwargidansa. Na karɓi kofin da hannu biyu don kada ya ga yadda yake rawa.